Kan jirgina na HO yana ƙara yana ɗaukar zafi, wane mai zan sa masa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu harkar ƙananan jiragen ƙasan nan na kan tebur shawara nake nema. Akwai wani kan jirgi da na samu a hannun mai kayan gwanjo, samfurin dizal ne, HO, wato sunan ma'aunin girmansa kenan, haɗe da taragunsa da layinsa da ɗan tiransifomansa, sunan kamfanin ma ya goge a ƙasa. Yana tafiya amma sai ka murɗa wuta ta kusa rabi kafin ya motsa, in ya motsa kuma da fizga yake tashi, ga wata ƙara ƙiiii mai shiga kunne, in ya ɗan jima yana zagaye sai kaji bayansa ya ɗau zafi har da ɗan ƙauri. Na cire murfin na leƙa, a wajen giyoyin akwai wani abu ruwan ƙasa da ya daskare kamar ƙanzon tukunya, da farce ma da ƙyar yake ɓantaruwa.

A gida ina da WD-40, da ragowar man juye na babur, da giris ɗin da ake cusa wa boris. Bakaniken unguwarmu yace in feshe shi da WD ɗin kawai in ɗiga man juye shikenan, amma jikina bai bani ba shi yasa ban taɓa komai ba tukuna. Wanne zan sa, a ina da ina, kuma yaya yawansa? Sannan ga hunturu ya kama, ɗakin nawa ko an rufe taga sai ƙura ta shigo.

Injiniya Hotoro:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya taimake ka da ka tsaya. Dukka ukun nan ka mayar da su inda ka ɗauko su. Kuma ka daina kunna shi haka har sai ka wanke, zafin nan da ƙaurin da kake ji motar lantarkin da ke juya tayoyinsa ce take shan wahala, tana ja giyoyin sun ƙi juyawa sai ta riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima, in kwayil ɗin, wato wayar da aka nannaɗe a cikinta, ya ƙone an gama magana don ba a Sabon Gari zaka samu irinta ba.

WD-40 akasarinsa abin narkarwa ne, an yi shi ne don korar danshi da kwance tsatsa, in ka fesa zai yi kamar ya gyaru, bayan ɗan lokaci ya bushe ya bar maka danƙo, kuma feshi ba ya zaɓen waje, har cikin mota da kan taya zai shiga. Man juye ya yi wa wannan ɗan abu kauri, ga sinadaran da ake zuba masa saboda injin mai zafi wanda ba ruwansu da roba. Giris ɗin boris kuma ai ita motar gaba ɗayanta volt 12 take ci, ba ta da ƙarfin da zata tura giya a cikin wannan kaurin. Shi bakaniken naku a aikinsa yana da gaskiya, sai dai HO kashi 1 ne cikin 87 na jirgin gaske, tsakanin layi da layi milimita 16.5 ne kacal, komai nasa a wannan ma'aunin yake, har man.

Abin da ka gani ya daskare tsohon giris ne na kamfani. Giris dama mai ne da aka haɗa da wani abu mai kama shi, in shekaru suka ja man sai ya tsane ya bar tukar. Toh aikinka na farko wanki ne, ba ƙarin mai ba. In ka ɗora sabo a kan tsoho ka ƙara masa kaya ne kawai.

Ka samu soson katifa ka ɗan fafe tsakiyarsa ka kwantar da jirgin rigingine a ciki. Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya ka ɗauki hoto da wayarka, kana cirewa kana ɗauka, musamman yadda giyoyin suke jere da inda wayoyi suka bi. A ƙasan kowane rukunin tayoyi akwai wani murfi na roba mai ƙugiya, a hankali zaka ɓalle shi da ƙaramin sukudireba don in ya tsufa karyewa yake. Ka ƙwaƙule daskararren da tsinken sakace, kar ka sa ƙarfe, sannan ka wanke giyoyin da isopropyl, wani sinadarin wanki mai saurin bushewa, da tsohon burushin goge baki. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan asibiti da na lab, wasu masu kayan gyaran waya a Farm Centre ma suna da shi amma ka karanta kwalbar da idonka, don da yawa tina suke wanke fanel da ita, ita kuwa tina da asiton narkar da jikin jirgin suke yi. Shi kansa isopropyl ɗin kar ka bari ya taɓa fentin waje.

In sun bushe ga yadda rabon yake. Giris mai laushi a haƙoran giya da kan giyar nan mai murɗe irin ta sukuru da ke fitowa daga mota, abin da kan tsinke ya lakato ka shafa a haƙori biyu uku, juyawa ce zata raba shi. Mai mara kauri kuma a inda sandar motar ta shiga bushin, wato zoben da take juyawa a ciki, gaba da baya, da inda gatarin taya, wato sandar da ta haɗa tayoyi biyu, yake juyawa a mazauninsa. Ƙarar ƙiiii ɗin nan kusan kullum bushin ɗin mota ne ya bushe. Waɗanda aka yi musamman don wannan aiki akwai Labelle 108 mai ruwa-ruwa, da 107 mai ɗan kauri, da giris ɗinsu 106 mai sinadarin santsi na PTFE, duk ba sa cin roba. In kana da mai zuwa daga waje ko kana oda ta intanet ka sa a taho maka da su, ɗan kwalba ɗaya zai yi maka shekaru.

Inda mai ba zai taɓa ba ko kusa: jan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ke cikin mota wanda kabon, ɗan baƙin abin nan da ke kai masa wuta, yake gogawa, da kabon ɗin kansa, da fuskar taya, da 'yan siraran ƙarafan da suke ɗaukar wuta daga taya. In mai ya shiga wajen kabon zai haɗu da garinsa ya cike tsagogin nan, wuta ta riƙa tsallakawa, sai kaga tartsatsi da hayaƙi.

Maman Khalifa Kabuga:

Ni dai tambayata Injiniya, man keken ɗinki fa? Ni tela ce kuma jirgin yarona da babansa ya kawo masa da man kekena nake ɗiga masa yana ta gudunsa lafiya lau. Wannan Label ɗin da kake faɗa da canjin dala na yanzu ai sai a hankali wlh. Ba kowa ne yake da mai kawo masa kaya daga waje ba.

Baba Mai Agogo, Fagge:

Hajiya ta kawo magana. Ɗana, bari in sa baki duk da ni agogo na sani ba jirgi ba, amma duk inda ƙaramin ƙarfe yake juyawa a cikin rami hukuncinsu ɗaya ne.

Mu a wajenmu ba a ɗiga mai daga bakin kwalba, ko da wasa. Zaka zuba ɗigo ɗaya a murfin lemo mai tsafta, ka tsoma kan allura, ka ɗago ta ka kalla a haske, ɗan ƙwallon da ya maƙale a tsinin shine rabon waje ɗaya. Ka taɓa shi a daidai inda sanda ta shiga rami zaka ga ya shige da kansa. In bayan ka sa kana iya hango ƙyallinsa daga inda kake zaune toh ya yi yawa, ka sa gefen tishu ka tsotse. Agogon da ake kawo min a lalace waɗanda yawan mai ya kashe sun fi waɗanda rashinsa ya kashe, mutum ya buɗe ya tsiyaya yana ganin gata ya yi masa.

Kuma maganar ƙura da ka yi a ƙarshe ita ce babbar magana, Injiniya bai tsaya a kanta ba. Turawan da suke rubuta takardun jiragen nan ba su san hunturun Kano ba. Ƙurar nan da take sauko mana daga Disamba zuwa Fabrairu garin ƙasa ce mai laushi da yashi-yashi a cikinta, busasshen ƙarfe in ta sauka a kansa ka hure ta tafi, amma in ta tarar da mai sai ta zauna ta kwaɓe, sai ya zama kana wasa giyarka da dutse kullum in jirgin ya zagaya. Don haka mu nan ƙasa da abin da suka ce ma ya kamata mu sa. In ka gama wasa ka ɗauke kan jirgin daga layi ka sa shi a roba mai murfi, layin kuma ka rufe da tsohon zanin gado. Kar kuma ka shimfiɗa layi a kan kafet.

Mahaifina Allah ya jiƙansa a reluwe ya yi aiki, kun san tun 1911 dogo ya iso Kano, yana bamu labarin yadda tsofaffin taragu akwatin gatarinsu auduga ake cusawa a jiƙe ta da mai, in ta bushe a hanya gatarin ya yi zafi har ya kama hayaƙi sai an tsaya. Su can rashin mai ne abin tsoro saboda nauyin da suke ɗauka. Naka da ɗan yatsa biyu ake ɗaga shi.

Man keke kuwa in na gaske ne, fari tas mara wari, ni ban ga laifinsa a bushin na ƙarfe ba. Abin da zan hana ka shine man gyaɗa da man zaitun da duk wani mai na ci, danƙo suke zama. Basilin kuma in zafin Afrilu ya zo ana haura digiri 40 sakin jiki yake yi ya bi ko'ina.

Injiniya Hotoro:

Baba ranka ya daɗe na karɓi gyara a kan ƙura, gaskiya ce. Hajiya, man keke ban ce haramun bane, a bushin ɗin mota da gatari na ƙarfe zai yi aiki in babu wancan, mutane da yawa da shi suke amfani. Inda nake jin tsoro biyu ne. Giyoyin yawanci nailan ne ko wata roba mai ƙarfi da ake kira Delrin, su suna jure mai, amma jikin jirgin da wasu mazaunan gatari wata roba ce daban wadda in mai irin na fetur ya daɗe a kanta tana iya yin rauni ta tsage, kuma ba yau zaki gani ba sai an kwana biyu. Na biyu wanda ake ɗurawa a kwalba ba suna ba komai, ba ki san me aka sirka a ciki ba, ki shinshina in kin ji warin kalanzir ki bar shi wa ƙyauren ƙofa. Sannan a haƙoran giya man keke ba ya zama, juyawa kaɗan ya watsar da shi ya gangaro kan layi. Nan giris ake so. In 106 ɗin ya gagara a tambayi masu gyaran firinta a Beirut Road farin giris ɗin da suke sa wa giyoyin roba, akwai Molykote EM-30L da aka yi shi don roba.

Ki duba tayoyin jirgin Khalifa kuma, wasu akwai siririn zoben roba a jikinsu don kar su yi santsi, in mai ya same shi kumbura yake ya saki ya fita.

Abba Sola:

Ni nawa mai hayaƙi ne mai sandunan nan a gefen taya, su ma a sa musu? Kuma duk yaushe ake yi?

Baba Mai Agogo, Fagge:

A sa musu, a daidai fil ɗin da sandar take juyawa a kai, kan allura ɗaya kowanne. Amma kar ka ce zaka zare tayoyin daga gatari don wanki, na dama da na hagu a karkace aka dasa su da rubu'in zagaye, in ka goce shi jirgin ɗingishi zai riƙa yi ko ya cije gaba ɗaya.

Injiniya Hotoro:

Abba, kamfanin Märklin masu ƙera irin jiragen nan a takardun jiragensu da yawa suna cewa bayan kamar awa 40 na gudu, awannin da ya yi yana tafiya kenan ba na ajiya ba. Mu da ba kullum muke kunnawa ba, in hunturu ya wuce ka buɗe ka duba, in giris ɗin ya yi baƙi ka wanke ka sake, in yana nan fari ka mayar da murfi ka ƙyale shi.

Ɗan Gwammaja:

Jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na yi yadda kuka ce. Abin da na ciro a gatarin baya ba a magana, zare ne da gashi sun nannaɗe sun zama wani baƙin zobe, sai da na sa hantsaki na jawo shi. Na wanke giyoyin, na sa man keken mamana da allura a bushin biyun, giris kuma na samu wajen wani mai firinta ya lakato min a murfin kwalba bai ma karɓi kuɗi ba. Ƙarar ta ɗauke ɗif, yana tashi a hankali tun wuta tana ƙasa, zafin ma babu. Sai dai yanzu da ya yi shiru ina jin wani ƙas ƙas ƙas a jere, in ya ƙara gudu shima ya ƙara sauri, kuma yana ɗan yin tsalle kaɗan daidai lokacin. In ƙara masa giris ne?

Injiniya Hotoro:

A'a kar ka ƙara, wannan ba ta mai ba ce. Ko dai wani ɗan tsakuwa ko ragowar daskararren ya maƙale a tsakanin haƙori, ko kuma giyar da ke kan gatari ta tsage, yana faruwa da tsofaffin giyoyin roba da aka matsa su a kan ƙarfe, robar na tsukewa da shekaru sai ta dare, haƙori biyu su ɗan buɗe, duk zagaye ɗaya kaji ƙas. Ka kwantar da shi rigingine ka taɓa batir mai volt 9 a tayoyin, ƙafa ɗaya a na dama ɗaya a na hagu, ka saurara ta wane ɓangare ƙarar take fitowa. Sai ka ciro gatarin wajen ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe tayoyin biyu ka ɗan murɗa su saɓanin juna a hankali, wanda ya juya ba gardama shine mai tsagar, ka haska fitilar waya zaka ga layin siriri a jikin giyar. In ka same shi ka ƙirga haƙoran ka auna kaurin gatarin ka turo min hoto, inaga akwai wani mataccen kan jirgi a akwatina da nasa zai iya shiga.