Ta ina zan fara karatun tarihin Amurka?

Ɗalibi daga Sakkwato: Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta babbar jarrabawar sakandare kan tarihin Amurka, amma shekarun suna cakuɗe mini. Don Allah, ta ina zan fara?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da shelar 'yancin kai ta 1776 da tsarin mulkin 1787, sannan ka daɗe a kan Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865, domin rikicin bauta ne tushensa, kuma a ganina sanin dalili ya fi haddar shekara amfani.

Wata ɗaliba: Ni ina jingina shekarunsu da namu ne. Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu zuwa Gudu.