Marsandi 190: batir na mutuwa, fitilar caji ba ta kamawa

Direban Garwa:
Assalamu alaikum, masu gyaran wutar mota. Marsandi 190 ce, tsohuwa. Batir sabo ne, amma kwana biyu ya yi sanyi. Idan na murɗa makulli, jar fitilar batir ba ta kamawa ko kaɗan. An gwada da mita: a silo volt 12.2, sai an taka totur sosai ya haura 14. An ce in canza altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, gaba ɗaya. Haka ne?

Mai wayarin, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Altanetar da ke kai volt 14 ba ta mutu ba. A irin Bosch ɗin waɗannan motoci, ta cikin ƙwan fitilar nan wutar farko ke bi ta shiga rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin altaneta, ta siririyar waya mai alamar D+, galibi shuɗiya. Idan ƙwan ya ƙone ko wayar ta tsinke, rota ba ta samun abin da zai tayar da maganaɗisunta, sai inji ya yi gudu sosai ta tayar da kanta da ɗan abin da ya rage a ƙarfen. Alamar da ka faɗa ke nan.

Ga gwaji: buɗe makulli, kada ka tayar da inji. Zare wayar D+ daga bayan altaneta ka taɓa ta da jikin inji. In fitila ta kama, ƙwai da waya lafiya, matsalar tana ciki. In ba ta kama ba, duba fis, sannan ƙwan. Sa mai zare irin na asali, wajen wat 2. Na LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce.

Mai naɗin koyil, Kusiri:
Maganar mai wayarin daidai ce. In kuwa fitilar ta kama a gwajin, sharbon, wato 'yan gawayin da ke kai wuta ga rota, ne abin zargi na farko. Cire kan batir na ragi, kwance sukurori biyu a bayan altaneta, regileta mai daidaita ƙarfin caji zai fito tare da sharbon ɗinsa. Idan tsawonsu ya gaza milimita 5, sun ƙare. Leƙa zobban tagulla biyu da suke gogawa: ƙurar hunturu tana haɗuwa da man da ke ɗiga daga inji ta zama baƙin danƙo, sharbon ya maƙale a gidansa. Goge da samfefa mai laushi ƙwarai. Zoben da ya yi rami mai zurfi zai cinye sabon sharbon cikin ɗan lokaci, sai an canza shi. Auna tsakanin zobban: om 3 zuwa 4 daidai ne, in mita ba ta motsa ba rota ta yanke.

Kuma don Allah a daina zare kan batir inji na aiki wai gwajin caji. Wutar kan yi tsalle ta kashe diyod da regileta nan take.

Alhaji mai gareji, Ngaundere:
Bayan gyara, ɗan'uwa, danna bel ɗin altaneta da babban yatsa a tsakiya, kada ya lotsa fiye da santimita 1. In ka ɗaure fiye da kima kuma boris zai ci. Tayar da inji, kunna manyan fitilu da fanka, ka auna a kan batir: 13.8 zuwa 14.5 ake so. Ya wuce 15, regileta ne, kuma da zafin watan Afrilu a Garwa ruwan batir zai ƙafe da wuri. Idan bayan altaneta na ba da 14 amma batir na nuna 13.3, kankare tsatsar babbar waya da ta jikin mota. Batirin da ya sha mutuwa kuma, a yi masa caji a hankali dare guda kafin a mayar da shi.