Sankara ta karya wa mahaifiyarmu ƙashin baya, an ce a yi aiki: ku ba mu shawara

Mai tambaya, daga Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu tana fama da sankarar mama. Kwanan nan bayanta ya matsa mata da ciwo, musamman da dare. Hoton MRI ya nuna cutar ta ci gaɓar ƙashin baya ta T10, wajen tsakiyar baya, har ta rufta tana danne laka. Tana takawa idan an riƙe ta, amma ƙafafun sun yi nauyi. Likitoci a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika sun ce a yi aiki a sa ƙarfe. Kawunanmu sun ce a bari a gwada ɗori tukuna. Me ya kamata mu yi?

Likitan ƙashi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, maganar maɗori a ajiye ta gaba ɗaya. Wannan ƙashin ƙari ne ya cinye cikinsa, ba zai haɗe da kansa ba, kuma murza ɗaya tana iya tura ɓaraguzan cikin laka.

Abin da ya fi komai a bayaninka shi ne har yanzu tana takawa. Wanda aka shiga da shi tiyata da ƙafarsa, galibi da ita yake fitowa. Wanda ƙafafunsa suka mutu murus fiye da awa 48, da wuya su dawo. Binciken da likita Patchell da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya samu kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sannan aka haska (wato rediyoterafi, ƙona ƙari da haske) suna tafiya, waɗanda aka haska kawai kuwa kashi 57.

Ga yadda aikin yake. Ana kwantar da ita rub da ciki, a buɗe ta baya, a cire ƙashi da ƙarin da suka matse laka. Sai a ɗaura kusoshin titaniyom, yawanci a gaɓa biyu sama da biyu ƙasa da inda ya karye, kusoshi takwas ke nan, a haɗa su da sanduna biyu. Idan gaɓar ta rufta sosai, a kwashe ta a cike gurbin da keji na ƙarfe ko simintin ƙashi. Ku tambayi makin SINS nata, wato ma'aunin ƙarfin ƙashin bayan da ƙari ya ci: 0 zuwa 6 baya na tsaye, 13 zuwa 18 ba ya iya ɗaukar nauyi, tsakaninsu likita ke aunawa. Ku kuma tabbatar hoton na bayan ne dukansa, domin cutar kan sauka a wuri fiye da ɗaya, kuma kusa ba ta kamawa a ruɓaɓɓen ƙashi.

Mai tambaya: Likita, wani ya ce akwai allurar siminti ba tare da yanka ba.

Likitan ƙashi: Akwai, amma ta mai ciwo ce wanda lakarsa ba ta matse ba. A irin na Hajiya bangon gaɓar na baya ya riga ya fashe, simintin zai iya tsiyaya inda lakar take, a koma gidan jiya ko ma fiye.

Likitar sankara: Ɗan'uwa, ku fahimtar da kawunanku tun yanzu: aikin ba ya warkar da sankara. Ƙafa yake cetowa, da riƙe fitsari da bayan gida, ya kuma rage ciwo. Shi ya sa ake duba huhu, hanta da ƙarfin jiki. Idan ba a sa ran mutum zai wuce wata uku, ba a cika ɗora masa wahalar tiyata ba, haskawa kawai ake yi.

Kafin aiki ana ba da dexamethasone, yawanci miligiram 16 a rana, don kumburin laka ya sauka. Yana tayar da suga, yana cin ciki, sai an haɗa da maganin olsa ana kuma auna suga. Kada ku saye shi a kemis da kanku. Rediyoterafi kuma bayan aiki ake yi, idan ɗinki ya warke, mako biyu zuwa uku. Idan aka haska kafin yanka, fatar ba ta son haɗewa, sai rauni ya buɗe ya yi ruwa. Ku nemi layin haskawa tun kafin a sallame ku, don idan aka yi sakaci ƙarin yakan sake tsirowa a wurin. Naman da aka ciro lallai a kai shi gwaji. Tarin fuka na ƙashin baya yana da yawa a ƙasar nan, yana kuma kama da wannan a hoto.

Ma'aikaciyar jinya: Ni ta gida zan yi magana. Kada a ɗauko ta a Keke Napep ko a naɗe ta a kujerar mota; a kwance za ta tafi, bayan a miƙe. Wajen juya ta mutum uku, kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar gungume, duk awa biyu, saboda gyambon kwanciya. Ku tara masu ba da jini tun yau, aikin yana shan jini. Bayan aiki a lura da zazzaɓi, ruwa mai tsiyaya daga ɗinki, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kumburin nan alamar daskarewar jini ce.

Mai tambaya: Mun gode. Kuɗin bai gama haɗuwa ba, za mu iya jira zuwa ƙarshen wata?

Likitan ƙashi: A'a. Ku je gobe da safe ku gaya wa likitocinta gaskiyar aljihunku, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya, a san ko za a fara da haskawa idan aikin ba zai samu da wuri ba. Idan kuwa fitsari ya tsaya mata, ko ta ji ƙugunta ya yi sanyi ba ta jin taɓi, ko ta kasa ɗaga ƙafa daga shimfiɗa, ku kai ta sashen gaggawa a daren.