Wa ya san wannan lambar yabo ta Yugoslabiya?

Ɗan Tudun Wada: Salam jama'a. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu sai na ci karo da wata lamba a ƙasan adaka, akwai jan tauraro da wutar yula guda shida, an rubuta 29-XI-1943. Kawu yace wani injiniya ɗan Yugoslabiya da suka yi aiki tare ne ya ba shi. Ta gaske ce ko jabu? Ta yi baƙi har ina tunanin goge ta da toka.

Baban Ilham: Kai don Allah kar ka goge! Baƙin nan masu tara irinsu ke nema, kana gogewa ka zubar mata da daraja. Kuma 1943 ɗin ba shekarar ƙira bace, ranar taron da aka yi a garin Jajce ce, inda aka aza harsashin ƙasar lokacin shugabansu Tito. Yula biyar ce a tambarinsu har 1963 sannan suka maida shida, kaga taka bayan nan aka yi ta kenan.

Ƴar Samaru: Juya bayanta ka ɗauko mana hoto mana, gaba kaɗai bai isa ba.

Baban Ilham: Gaskiyarki hajiya. Ka duba hatimin masana'anta, da yawa IKOM ne na Zagreb, in azurfa ce za ka ga ɗan hatiminta ƙanƙani. Jabu zubi ake musu, rubutun sai ya fito a dagule ga ƴan ramuka kamar an tsira allura.

Ɗan Tudun Wada: Na gode yallabai, saura kaɗan wallahi har na ɗebo tokar. Bari a kawo wuta in yi caji, hoto na zuwa.