Muhawara: ɓata lokaci ne ɗalibi ya koyi rubuta shiri a cikin rumbun bayanai?

Daga zauren WhatsApp na masu koyon kwamfuta a Gombe, daren Laraba.

Ɗan Kumo: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ta tsaya mini a rai tun jiya. Na ga Auta ya saka hoton littafinsa yana ta faman haddar DECLARE, BEGIN, EXCEPTION, END, wallahi tausayinsa na ji. Ra'ayina ba zan ɓoye ba: yaron da ke neman abin yi a yau, ɓata lokaci ne ya zauna koyon PL/SQL, harshen rubuta shiri a cikin rumbun bayanai na Oracle. Rumbun bayanai rumbu ne, a zuba, a ɗiba. Lissafi da yanke hukunci aikin manhaja ne, a rubuta su da Python ko PHP. Ya iya SELECT da JOIN, ya yi gaba.

Auta: Wa alaikumus salam Hamma. Ni dai a makaranta aka ba mu, kuma jarrabawa ta matso. Amma ina sauraro.

Malam na Pantami: Ɗan Kumo, zo mu je Tudun Hatsi. A ce wani sito saura buhu 10 na masara. Mai siton yana da yara biyu masu karɓar kuɗi, kowa da wayarsa. Na farko ya duba manhaja, ta tambayi rumbu, aka ce saura 10. Kafin ya danna sayarwa, na biyu ma ya duba, shi ma aka ce masa 10. Wannan ya karɓi kuɗin mai mota da zai yi lodi zuwa Kano, wancan ya karɓi na wata baiwar Allah da ta zo daga Deba. An sayar da buhu 20, a ƙasa 10 ne. Kowace waya ta duba, kowace ta ga gaskiya a lokacin da ta duba. To ina laifin yake? Laifin shi ne an raba dubawa da cirewa, an bar ƙofa a tsakaninsu. Wanda ke riƙe da masarar shi ya kamata ya yanke hukunci. Ga yadda zan rubuta shi a Oracle:

BEGIN
UPDATE kaya SET saura = saura - 10
WHERE suna = 'masara' AND saura >= 10;
IF SQL%ROWCOUNT = 0 THEN
RAISE_APPLICATION_ERROR(-20001, 'Kaya bai kai ba');
END IF;
INSERT INTO ciniki (suna, adadi) VALUES ('masara', 10);
COMMIT;
END;

Wanda ya riga, rumbu zai kulle masa layin masara. Na biyu ya jira, idan aka sake shi ya tarar saura sifili, a ce masa kaya bai kai ba.

Adda ta Jekadafari: Malam, a gafarce ni, misalin ya yi kyau amma bai kare abin da kake son karewa ba. Abin da ya ceci mai siton a nan ba BEGIN da END ba ne, UPDATE ɗin nan ne mai sharaɗi. Ɗan Kumo zai iya turo shi daga Python ya duba layi nawa ya taɓu, sakamako ɗaya. Kuma da an sa wa teburin CHECK cewa saura ba ya sauka ƙasa da sifili, ko wa ya zo da kuskure rumbu zai ƙi karɓa. Duk wannan SQL ne zalla, babu IF babu LOOP.

Ɗan Kumo: Yauwa Adda! Allah ya saka.

Adda ta Jekadafari: Dakata ƙanena, ban ce ina bayanka ba tukuna.

Malam na Pantami: Gyaranki daidai ne, na karɓa. Abin da sharaɗin tebur zai iya tsarewa, kada a rubuta masa shiri. Amma ki ƙara wa cinikin nauyi kamar yadda yake a kasuwa. An cire buhu, an rubuta ciniki, an ba dillali la'adarsa, in bashi ne a duba ko mai sayen ya wuce iyakar da aka yanka masa, in ya wuce a fasa komai. Mataki huɗu ko biyar ke nan, kowanne ya dogara da na bayansa. In daga waya ake turo su ɗaya bayan ɗaya, sau biyar za a je a dawo, a kan sabis irin namu. Idan ya yanke a mataki na uku, rumbu zai warware abin da ba a yi wa COMMIT ba, wato ba a tabbatar da shi ba, wannan gaskiya ne, amma layin masara na iya zama a kulle har sai rumbun ya gane wancan ya tafi. Sauran yaran sito suna tsaye. In kuwa ajiyayyen aiki ne, wato shirin da aka rubuta aka ajiye a cikin rumbu, kira ɗaya ne, ya gama ko ya fasa a can ciki.

Ɗan Kumo: Malam, ai babu mai hankalin da zai haɗa waya kai tsaye da rumbu. Akwai sabar, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kai, a tsakiya, tana kusa da rumbun, zuwa da dawowar ba wani abu ba ne.

Malam na Pantami: A inda aka gina haka, wannan hujjar tawa ta yi sauƙi, ban musa ba. Saura sauran.

Bappa: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ɗan Kumo, kai manhaja ɗaya kake gani a gabanka, wadda ka rubuta. Ni na yi shekaru ina aikin bayanai a wurin da kuɗin mutane ke shiga da fita, abin da na gani shi ne manhaja takan mutu ta bar rumbu da rai. Yau ta waya, gobe ta kwamfutar ofis, jibi akawu ya jawo bayanai cikin Excel, gata a kawo sabon ɗan kwangila da harshen da yake so. Idan dokar bashi tana cikin Python ɗinka kaɗai, duk wanda ya shigo ta wata ƙofa bai san da ita ba. Sannan akwai amana. A Oracle ina iya ba yaron kanti izinin kiran aikin sayarwa kawai da GRANT EXECUTE, ban ba shi izinin taɓa teburin kaya ba. Zai sayar, amma ba zai iya zama da dare ya rage adadi da hannunsa ba. Batun neman aiki kuma da ka kawo, manhajar Flexcube da bankuna da dama a Najeriya ke aiki da ita ta Oracle ce, kuma cike take da PL/SQL. Wani ne zai karanta wannan kod ɗin in ya lalace. Me zai hana ya zama ɗan Gombe?

Ɗan Kumo: Allah ya ƙara girma Bappa. Maganar izini ta shige ni. Amma bari in faɗi abin da ya sa nake da zafi. An taɓa ba ni gyaran manhajar wani kantin magani, ba zan faɗi suna ba. Ina canza farashi, in dawo in ga ya koma wani abu daban. Kwana uku ina bin kod ɗina layi layi, babu laifi. Ashe wanda ya gina rumbun ya ɗana tarko, abin da ake kira tiriga, duk lokacin da aka taɓa teburin sai ya tashi ya gyara wani teburi, can ma akwai wani tarkon. Babu takarda, babu bayani, ba ya cikin Git inda ake ajiye kod da tarihinsa, mutumin kuma ya bar gari. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Na biyu, abin da Auta ke haddacewa na gida ɗaya ne. PL/SQL na Oracle ne. Ka shiga SQL Server na Microsoft ka tarar da T-SQL, wani yare. MySQL sai a 2005 ya samu ajiyayyun ayyuka, kuma da nasa salon. An fitar da ƙa'ida ta bai ɗaya, SQL/PSM, tun 1996, amma manyan kowa ya ci gaba da nasa. SQLite da ke cikin kowace wayar Android ma ba shi da ajiyayyen aiki ko ɗaya, kuma duniya na tafiya. Python kuwa duk inda ka je Python ne.

Adda ta Jekadafari: Labarin tarkon ya taɓa ni, don na ga irinsa. Sai dai ka lura, kwana ukun nan da ka yi, rashin sanin abin ne ya jawo su. Da ka taɓa zama ka koya, ranar farko za ka tambayi rumbu wane tarko ke kan teburin nan. Kai ne hujjar cewa a koya. Rashin saka shi a Git kuma sakacin mutum ne. Ajiyayyen aiki rubutu ne, a sa shi a fayil, a ajiye tare da sauran kod.

Batun bambancin yare, ka ɗan ƙara gishiri. PL/pgSQL na PostgreSQL, da ya shigo tun 1998, ya ɗauko kamannin PL/SQL sosai. Abin da Malam ya rubuta, a can IF NOT FOUND THEN RAISE EXCEPTION za ka ce, sauran kusan duk ɗaya. Mazubin ajiye ƙima, sharaɗi, zagaye, kama kuskure, wanda ya gane su a gida ɗaya ba zai ɓata a ɗayan ba.

Maman Iman: Ina gaida manya, daga Bauchi. Ni tsorona ga Auta ba wanda Ɗan Kumo ya faɗa ba ne. Tsorona ya koyi LOOP, wato zagaye, kafin ya koyi tunanin SQL. Ni haka ya same ni. Na fito daga Java, komai a wurina zagaye ne. Aka ba ni haɗa sakamakon ɗalibai na wata makaranta, na buɗe manuni, mai ɗauko layi ɗaya bayan ɗaya, a kan teburin ɗalibai, kowane ɗalibi in zagaya darussansa, kowane darasi in yi UPDATE. Na kunna, na je na yi la'asar na dawo bai gama ba, shugaban makaranta yana jira, iyaye suna jira. Wata abokiyar aiki ta zauna ta mayar da shi jumla ɗaya da SUM da GROUP BY, kafin in gyara zama ya kammala. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ɗauka na iya aiki.

Daga baya na fahimci dalili. A Oracle injin da ke gudanar da PL/SQL daban, mai gudanar da SQL daban. Duk UPDATE ɗin da ke cikin zagaye sai an miƙa wa wancan a karɓo. Kamar a ce za ka cika tirela da masara, ka ƙi ɗaukar buhu, ka ce da mudu za ka riƙa kaiwa. Shi ya sa ma aka kawo BULK COLLECT da FORALL, don in zagayen ya zama dole a riƙa kaiwa da yawa a tafi ɗaya.

Adda ta Jekadafari: Nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da Edgar Codd na IBM ya fitar da tsarin teburori masu alaƙa a 1970, abin da ya kawo sabo shi ne ka faɗi abin da kake so, rumbu ya nemo hanya. Kafin nan mai shiri ne ke bin bayanai ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa. PL/SQL daga baya ya zo, a Oracle 6, kuma sai a Oracle 7 na 1992 aka fara ajiye ayyukan a cikin rumbun kansa. An kawo shi ya cike inda SQL ya gaza, ba don a koma bin layi layi ba. Don haka ni matsayina, Auta ya koya, amma bayan JOIN da GROUP BY da COMMIT da ROLLBACK sun zauna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da ya saba da zagaye da wuya ya saki.

Ɗan Kumo: To ai kin dawo kusa da ni. Na ce ya iya SQL.

Adda ta Jekadafari: Ka ce ya iya SELECT da JOIN ya yi gaba. Ni na ce ya tsaya.

Auta: Tunda kowa na nan, a taimaka mini. Na rubuta SELECT INTO don ɗauko bashin wani mai saye, yana ba ni ORA-01403. Abokina ya ce in sa WHEN OTHERS THEN NULL a ƙasa, na sa, kuskuren ya ɓace.

Bappa: Subhanallah. Cire shi yanzu ɗana. Kuskuren bai ɓace ba, bakinsa ka toshe. ORA-01403 shi ne NO_DATA_FOUND, rumbu yana gaya maka babu wannan mutumin a teburi. SELECT INTO layi ɗaya tak yake so. In babu, wannan kuskuren. In sun fi ɗaya, TOO_MANY_ROWS. Ka kama kowanne da sunansa, ka faɗi abin da za a yi. Da abin da abokinka ya ba ka, mazubin bashin zai zauna NULL, wato babu komai a cikinsa, wanda ya kira aikin ya ɗauka komai lafiya, a ba mutum kaya ba a rubuta masa bashi ba. Kuɗin wani ne wannan.

Ɗan Kumo: A nan kam ina tare da Bappa ɗari bisa ɗari. Mu ma a Python akwai masu rubuta except su bi shi da pass, cutar ɗaya ce.

Maman Iman: Kuma Auta, kada ka gwada IF bashi = NULL, ba zai taɓa zama gaskiya ba. IS NULL ake cewa.

Malam na Pantami: Ɗan Kumo, ina ka tsaya yanzu?

Ɗan Kumo: Na janye kalmar ɓata lokaci, Malam. Ya koya, ko don ya iya karanta na wasu. Amma har yanzu ina kan cewa dokokin kasuwanci masu canzawa kowane wata, rangwame, la'ada, farashin kaka da na bazara, a manhaja ya kamata su zauna, inda gwaji ya fi mini sauƙi. Tarko kuma ban yarda da shi ba sai wanda ke rubuta tarihin wanda ya taɓa me.

Bappa: La'adar nan ba mu gama da ita ba. Dillali ba ya yafe kwabo.

Malam na Pantami: To gani ya kori ji. Ranar Asabar bayan azahar a kawo laftof biyu. PostgreSQL kyauta ne, za mu ɗora shi, mu gina teburin siton nan da bashi da la'ada. Ɗan Kumo ya rubuta cinikin da Python, Adda ta rubuta shi a cikin rumbu, Auta da wani su danna sayarwa lokaci ɗaya, sannan mu zare waya a tsakiyar ciniki mu ga abin da kowanne zai bari. Adda, ki yi shi da CREATE PROCEDURE, tun fitowar PostgreSQL ta 11 a 2018 ake iya COMMIT a cikinsa.

Adda ta Jekadafari: In sha Allah. Amma COMMIT ɗin zan bar wa mai kira, za mu yi wannan maganar a can.

Auta: Na cire, na kama NO_DATA_FOUND da sunansa. Yanzu ya ce an kammala amma saƙon da na sa a DBMS_OUTPUT.PUT_LINE bai fito ba.

Maman Iman: Rubuta SET SERVEROUTPUT ON tukuna, ka sake kunnawa, ka turo mana hoton abin da ya fito.