Ciwon jikin da awo bai nuna ba: me kuka gwada bayan maganin likita?

Malamar makaranta, Birni

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan Damagaram, shekaruna 43, kuma yau shekara huɗu ke nan ina fama da wani ciwon jiki wanda ba ya zama wuri guda: yau yana kafaɗu da wuya, gobe ya sauka ƙugu da cinyoyi, wata rana ko kitso sai na cije haƙora kafin a gama. Nakan kwanta bayan isha'i in tashi da asuba kamar wadda ta kwana tana daka, sannan a aji sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, kalmar da nake son rubutawa ta ɓace mini ɓat.

An yi mini awon zazzaɓin cizon sauro, da na taifot, da na sikila, an ɗauki hoton ƙashi, duk aka ce lafiya lau. Daga ƙarshe wani likitan gaɓoɓi a Yamai ya ce sunan abin fibromiyalji, ya rubuta mini amitriptyline in riƙa sha da dare, ya kuma ce in riƙa motsa jiki. Barci ya ɗan gyaru, amma ciwon yana nan, ga bushewar baki da nauyin kai da safe. Surukata ta tsaya a kan cewa sammu ne, ƙanwata tana so a kira wanzami ya yi mini ƙaho, wata maƙwabciya kuma ta kawo mini ƙwayoyi a ƙulle cikin leda daga wajen masu talla. Ina roƙon wanda ya san wannan ciwo a jikinsa ko a aikinsa ya gaya mini abin da ya gwada na gargajiya, wanne ya yi amfani, wanne kuma zai iya cutar da ni idan na haɗa shi da na likita.

Tsohon ma'aikacin jinya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Abu na farko, ciwonki na gaskiya ne, kuma rashin ganinsa a awo yana cikin siffarsa, domin matsalar ba a cikin ƙashi ko jini take ba, tana cikin yadda jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon zafi. Sukan ƙara masa ƙarfi, kamar rediyon da aka murɗa muryarsa har ƙarshe, ta yadda matsar da wani ba zai damu da ita ba ke za ki ji ta har cikin rai. Shi ya sa ake yin awo don a kawar da wasu cututtuka masu kama da shi, irin su raunin maƙoƙo (wato thyroid da ke wuya), da amosanin gaɓoɓi mai kumburi, da ƙarancin jini, da ƙarancin bitamin D. Idan ba a duba miki maƙoƙo ba, ki tambaya. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta kafa ma'aunin danna wurare 18 a jiki, idan 11 sun yi zafi a ce shi ne, amma tun 2010 aka koma duba faɗin ciwon, da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da ruɗewar tunani, muddin sun wuce wata uku. Ya fi kama mata, kuma ba ya lalata gaɓoɓi ko nakasa su.

Ledar maƙwabciyarki ita ce ta fi tayar mini da hankali. Abin da masu talla suka fi ƙullawa don ciwon jiki shi ne tramol, da diclofenac, da dexamethasone. Tramol idan ya haɗu da amitriptyline yana iya jawo farfaɗiya ko zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, ban da sabon da yake sa wa mutum, wanda kowa a garin nan ya ga abin da ya yi wa samari. Diclofenac ba ya yin wani abin kirki a wannan ciwo tun da babu kumburi, sai dai ya ci ciki ya taɓa ƙoda. Dexamethasone kuwa zai sa ki ji garau kwana biyu, daga baya fuska ta cika, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Haka nan ki yi hattara da garin magani ko kwalbar jiƙon da ke kashe ciwo cikin awa ɗaya, domin akwai masu niƙa irin waɗannan ƙwayoyi su zuba a ciki.

Game da abin da bincike ya tabbatar, ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta sabunta shawarwarinta a 2016, kuma cikin duk abin da ta auna, motsa jiki kaɗai ta ba wa goyon baya mai ƙarfi. Shiga ruwan ɗumi da alluran nan na Sin da ake tsittsirawa a jiki sun sami goyon baya mai rauni. Ƙaho kuwa an gwada shi a Jamus a wani binciken da aka wallafa a 2016, ƙaho maras tsaga, aka ga masu shi sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba samun sauƙi, amma ba su fi waɗanda aka yi wa na bogi ba. Batun nauyin kai da safe, ki tambayi likitanki ko za ki riƙa shan maganin tun bayan magariba, ko a rage yawansa, kada dai ki yanke shi da kanki rana ɗaya. Akwai kuma duloxetine da pregabalin idan wannan bai karɓe ki ba, sai dai sun fi tsada.

Mai ɗinki, Mirya

Yaya, sannu da jiki. Shekarata tara da wannan lalura, kuma babu abin da ba a ba ni ba: habbatus sauda da zuma, jiƙon sassaƙe mai ɗacin tsiya, hayaƙi, rubutu, har wani ya so ya yi mini lalas a gadon baya na ƙi. Na sayar da tunkiya biyu a kan wannan nema. Da dukkan girmamawa ga Baba ma'aikacin jinya, ni ƙaho ya yi mini amfani, domin bayansa nakan yi kwana uku ko huɗu kafaɗuna sakayau, kuma ga wadda ta shekara ba ta san sakayau ba, kwana huɗu ba abin rainawa ba ne. Amma gaskiya ba ya wuce haka, kuma sau ɗaya da aka matsa ƙahon da ƙarfi na yi mako ban iya jingina da bango ba.

Abin da ya zauna mini har yau ba shi da kwarjini ko kaɗan. Da asuba, musamman da hunturu lokacin da jiki yake sandarewa, nakan gasa kafaɗu da ƙugu da tsumma da ruwan ɗumi, ƴata ta shafa mini man kaɗanya a hankali, ba irin tausar nan ta murje nama ba. Sannan tafiya. Lokacin da aka fara ce mini in yi tafiya haushi na ji, na ce wadda ba ta iya kai bokiti bakin rijiya ita za a ce ta yi yawo? Na fara da minti biyar a tsakar gida, bayan mako biyu na ƙara biyu, yanzu ina yin rabin awa bayan la'asar, da bazara kuma da sassafe kafin rana ta yi zafi. Wata uku na farko ban ga komai ba, har na kusa bari.

Kuskuren da ya fi kayar da ni shi ne ranar da na tashi da sauƙi sai in ce bari in rama bashi: wanki, shara, ɗinkin mutum huɗu, ziyarar suna, duk a yini guda, sannan in kwanta kwana uku. Yanzu nakan tashi daga kan keke tun ina da sauran ƙarfi, ko da mai kaya tana tsaye. Idan ruku'u ya gagara nakan yi sallah a zaune, malaminmu ya ce addini ya yarda. Surukarki kuma kada ki ja da ita, ki karɓi addu'a da tofi da hannu biyu, amma abin da za a ce ki haɗiye, ki tambayi abin da ke ciki.

Ɗan wanzami, Zango

Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙaho sana'ar gidanmu ce, don haka zan taƙaita a kansa. Mahaifinmu ba ya yin tsaga ga wanda ya ga idonsa ya yi fari, ko mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, kuma mace mai yawan zubar jinin al'ada ga gajiya kullum, cire mata jini ƙara mata nauyi ne. Idan kin yanke shawarar gwadawa, ki fara da busasshe, wato a kafa a zuƙe ba tare da an tsaga ba, a wuri ɗaya ko biyu, kuma a cire da wuri saboda fatarki ba kamar ta kowa ba ce. Idan har za a tsaga, ki sayi sabuwar reza da kanki a buɗe ta a gabanki, ƙahon ma ya zama an dafa shi ko kofin roba ne sabo, domin ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasarmu kuma ta jini yake bi. Duk wanda ya ce miki baƙin jinin da ya fito shi ne cutar, kuma zama bakwai zai raba ki da ita har abada, kuɗinki yake so.

Malamar makaranta, Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, na kwance ledar na duba, biyu daga cikin ƙwayoyin tramol ne, na ajiye su zan kai wa mai farmasi ya duba sauran. Maƙoƙo kuma ba a taɓa auna mini ba, zan nemi a rubuta mini takardar awon. Ƙanwata ta Mirya, ina da sauran tambaya gare ki: ni tsayuwar aji daga safe zuwa azahar ita ce take karya ni, to tafiyar minti biyar ɗin nan kafin in tafi makaranta ya kamata in fara ta, ko in bari sai na dawo na huta?