Digiri na biyu a fannin zaman lafiya da sasanta rikici: in shiga ko in haƙura?

Abu Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka yi wannan karatu da kansu. Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a jihar Kaduna, kuma na daɗe ina riƙe da sakataren kwamitin sasanta manoma da makiyaya na gundumarmu. Takardata HND ce, wato babbar difiloma ta ƙasa, a fannin gudanar da mulki, ba ni da digiri na farko. Ina da iyali, ba zan iya ajiye aiki ba, kuma abin da na tara bai wuce naira dubu 400 ba. Hankalina ya rabu tsakanin Jami'ar Karatu daga Gida, wato NOUN, da cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya ta Jami'ar Jos, wadda ba ta yi mini nisa ba. Shin mai HND zai iya shiga kai tsaye? Nawa karatun yake ci gaba ɗaya? Kuma yana ƙara wa mutum iya sulhu, ko takarda ce kawai ta ƙarin girma a wurin aiki?

Baƙon Ingila: Wa alaikumus salam. Malam, idan har za ka yi, to ka yi shi a inda ya yi suna. Jami'ar Bradford ta Ingila ta buɗe sashenta na nazarin zaman lafiya tun 1973, kuma tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening, yana biyan komai ga wanda ya yi aikin shekara biyu. Akwai kuma tallafin ƙungiyar agaji ta Rotary, wanda yake kai mutane Bradford ko Uppsala ta ƙasar Suwidin. Ni ta Chevening na zo, ban biya ko sisi ba.

Maman Ilham: Ba sai an tsallaka teku ba. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan karatu da gaske a Najeriya, a shekarar 2000, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Isaac Olawale Albert, kuma a ajinmu akwai hafsoshin soja da 'yan sanda da lauyoyi. Zama da irin waɗannan mutane shi ne rabin amfanin karatun, domin ta hannun wani ɗan ajinmu na samu aikina na farko.

Baban Walida: Ɗan'uwa Abu Sadiƙ, ka saurare ni da kyau kafin ka taɓa kuɗin nan. Na shiga wannan karatu a 2019 a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, ba zan ambaci sunanta ba. An ce mana wata 18 ne. Mun gama darussan aji lafiya, sai annobar korona ta zo, ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 wanda ya ɗauki wata tara. Da aka dawo, na zaɓi yin bincike a kan yarjejeniyoyin sulhu da aka yi da 'yan bindiga a Zamfara, aka amince da batun, na rubuta babi uku. Sai malamin da ke duba aikina ya tafi hutun bincike, aka miƙa ni ga wani, shi kuwa ya ce bai yarda da batun ba, tunda babu yadda zan shiga ƙauyukan in tattaro bayanai, wanda gaskiya ne, amma abin da ya kamata a gaya mini ke nan tun ranar farko. Na koma farko da sabon batu. Ina tsakiyar wannan aka sake shiga yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Kowace sabuwar shekarar karatu kuwa sai ka sake rajista, ko an koyar da kai ko ba a koyar da kai ba, kuma da lokacin kare kundin bincike ya yi, mu ɗalibai aka ce mu haɗa kuɗin masauki da abincin mai jarrabawa da zai zo daga waje.

Na karɓi takardar a 2023, bayan na sayar da filin da na gada. Allah Ya taimake ni na samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, muna horar da matasa da shugabannin al'umma a kan gano alamun rikici tun kafin ya ɓarke. Albashin ya yi kyau, har na fara cewa wahalar ta biya. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, aka aiko mana da saƙo cewa mu dakatar da aiki nan take, kuma daga wannan dakatarwa ba a sake kiranmu ba. Yanzu maganin feshi da takin zamani nake sayarwa a kasuwar garinmu, takardar tana cikin akwati. Ba na cewa ban koyi komai ba, amma da na san haka ne, da filina yana nan.

Maman Ilham: Allah Ya mayar maka da alheri, Baban Walida. Mu ma guguwar ta taɓa mu, an rage kusan rabin ma'aikatan ofishinmu.

Malamin Sakandare: Allah Ya ba da mafita. Sai dai maganar sayar da fili ta ba ni mamaki, domin ni duka abin da na biya makaranta a nawa karatun bai kai naira dubu 200 ba, kuma jami'ar tarayya ce.

Baban Walida: A wace shekara ke nan, Malam?

Malamin Sakandare: Na gama a 2017.

Umman Tagwaye: To ai wannan tarihi ne, Malam, ba farashi ba. Ni yanzu nake ciki, kuma rajistar bara kaɗai ta ci mini sama da dubu 350, ban da kuɗin mota kowane ƙarshen mako da kwana biyu a masauki. Maigidana ya lissafa ya ce kafin in gama sai mun haura miliyan ɗaya.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, ina jin an yi miki tsada. Wani abokin aikina ya gama a bana, ya ce da komai da komai dubu 500 ya kashe. A NOUN kuwa ba a dunƙule ake biya ba, kowane darasi da kuɗin rajistarsa da na jarrabawarsa, saboda haka mutum yana iya ɗaukar abin da aljihunsa zai ɗauka a kowane zango.

Umman Tagwaye: Abokin aikinka ne ya gaya maka, ni kuwa rasit ɗina yana hannuna.

Dakta M.: Ina koyar da wannan fanni, don haka bari in gyara wasu abubuwa. Da farko, shawarar Bradford ba ta shafi mai tambaya ba, domin tallafin Rotary na digiri na biyu yana buƙatar digiri na farko da ƙwarewar aiki ta shekara uku, shi kuma ya ce ba zai bar aikinsa ba. Mai HND a yawancin jami'o'inmu sai ya fara da difilomar gaba da digiri, wato PGD, ta shekara guda, sannan ya nemi digiri na biyu, saboda haka kuɗin karatu biyu zai lissafa. Abu na biyu, wanda ɗalibai da yawa ba sa ganewa sai sun yi nisa, shi ne digiri na biyu iri biyu ne: akwai na ilimi, mai zurfin bincike, wanda ke kai mutum ga digiri na uku da koyarwa a jami'a, akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda ake yi a ƙarshen mako, ya fi tsada, kuma sau da yawa ba a karɓarsa don shiga digiri na uku. Shi ya sa farashinku ya saɓa, kowa da irin wanda ya yi da shekarar da ya yi shi.

Game da amfaninsa kuwa, ba takarda ba ce kawai. Johan Galtung, masanin wannan fanni ɗan ƙasar Norway, ya bambanta zaman lafiyar da ke nufin an daina harbi kawai da wanda aka gina a kan kawar da zaluncin da ya haifar da harbin, kuma duk wanda ya bi tarihin rikice-rikicen Jos daga 2001 zuwa 2008 zuwa 2010 ya san me ake nufi. Muna koya wa ɗalibi ya raba abin da mai husuma yake faɗa da baki da abin da yake buƙata a zahiri. Makiyayin da ya dage cewa burtalin kakanninsa ne, wataƙila hanyar zuwa mashaya yake nema, kuma wannan ana iya samar masa ba tare da an tashi gonar kowa ba.

Magatakardan Hakimi: Dakta, ranka ya daɗe, da girmamawa nake magana. Shekaruna a fadar hakimi sun fi na wasu a nan a duniya, kuma abin da ka faɗa game da burtali da mashaya kowane ardo da kowane sarkin noma ya san shi ba tare da ya ji sunan Bature ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance abokan gaba, rikicin Zangon Kataf na 1992 ya ci wa Faston hannu, ya ci wa Imam malaminsa da 'yan'uwansa, suka dawo suka kafa cibiyarsu ta sulhu a Kaduna a 1995, kuma suna cikin waɗanda suka kai mutanen Yelwa da Shendam na jihar Filato ga yarjejeniya bayan kashe-kashen 2004. Ba aji ne ya haɗa su ba. Ɗana Abu Sadiƙ, wanda ya zauna tsakanin mai gona da mai shanu ya ƙiyasta ɓarna har kowa ya tashi da yarda, shi ya kamata ka tambaya, kuma kai kanka kana cikinsu.

Dakta M.: Baba, ban raina fada ba, ɗalibaina ma can nake tura su. Amma ita cibiyar da ka ambata horar da mutane take yi, da tsari da darussa, ba ta ce kowa ya dogara da baiwarsa ba.

Baban Walida: Dakta, ka yi haƙuri, amma mai koyar da fanni ba zai ce kada a shiga fanninsa ba. A tambayi waɗanda suka biya kuɗin.

Dakta M.: Wanda ya yi rashin sa'a da mai duba aiki guda ɗaya ma ba shi ne ma'aunin fanni gaba ɗaya ba.

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, ga masana sasanta rikici har huɗu a wuri ɗaya, an rasa mai raba su. Abu Sadiƙ, tunda kai ne sakataren kwamiti, ka fara gwajinka a kansu, idan ka yi nasara mu ba ka digirin kyauta.

Malamin Sakandare: Saniyar da ta faɗa gonar dawa dai ba ta tambayar wa ke da PGD.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. A wajenmu a Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har sama, kuma kowace shekara hukuma ce ke sanar da ranar da za a saki gonaki ga dabbobi bayan girbi. Sarakuna suna da hurumin sulhu, kuma ana rubuta abin da aka cimma a takarda a sa hannu. Abin da na lura shi ne wanda ya iya rubuta wannan takarda yadda alƙali zai karɓe ta ya fi amfani a kwamiti fiye da mai dogon karatu. Ko a Najeriya akwai gajeren horo irin wannan?

Dakta M.: Akwai. Cibiyar masu shiga tsakani da sasantawa ta ICMC tana ba da horo na 'yan kwanaki da shaidar zama mamba, kuma dokar 2023 ta sasantawa da shiga tsakani ta ƙara wa yarjejeniyar sulhu ƙarfi a gaban kotu.

Umman Tagwaye: Horon yana da kyau, amma ba ya cike gurbin digiri a tallar aiki, kuma nan ne abin yake ƙona mini rai. Hukumomin gwamnati na wannan fanni ƙalilan ne: cibiyar zaman lafiya da sasanta rikici ta Abuja da aka kafa a 2000, hukumar gina zaman lafiya ta Filato ta 2016, da ta Kaduna ta 2017, kuma ba kullum suke ɗaukar ma'aikata ba. Sauran aikin yana hannun ƙungiyoyi, su kuwa sai su rubuta cewa suna son digiri na biyu da ƙwarewar shekara biyar da Turanci mai kyau. Na yi shekaru ina shiga gidajen matan da aka kashe wa mazaje ina tattara bayanai a matsayin 'yar sa-kai, ana ba ni kuɗin mota, sannan a ɗauko wani daga Abuja wanda ba ya jin Hausa ko Fulatanci ya rubuta rahoto da sunansa. Dalilin da ya sa na koma makaranta ke nan, ba don ban iya aikin ba.

Magatakardan Hakimi: 'Yata, kin taɓo inda yake mana ciwo. Ana gayyatar hakimi da ardo da shugaban matasa zuwa otal a babban birnin jiha, a yi kwana biyu ana rubutu a manyan takardu ana liƙawa a bango, a ɗauki hoto, a raba ambulan. Waɗanda suke riƙe da sanda da adda ba sa cikin ɗakin. Rahoton kuma ba mu taɓa ganin an dawo mana da shi ba, balle a fassara shi mu san abin da aka ce mun ce.

Maman Ilham: Baba, a yi mana adalci kaɗan. Mai ba da kuɗi ne yake tsara yawan taruka da wa'adin aiki, kuma shi ne yake neman hoton da takardar sa hannun mahalarta. Mu ma'aikata mun sha cewa a kai taron ƙauye, a ce mana ka'idar tsaro ba ta yarda ba.

Abu Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci cewa sai na fara da PGD. Abin da ya rage shi ne ban ji daga wanda ya yi a Jos ko a NOUN da kansa ba, ga shi lokacin sayen fom yana ƙurewa. Ko akwai wanda ya yi yana aiki a ƙaramar hukuma, ya gaya mini ko an lissafa masa takardar wajen ƙarin girma?

Baban Walida: Hajiya Maman Ilham, maganar ka'idar tsaro ba ta shige ni ba. Mu da muke ƙananan ma'aikata a kan babur ake tura mu ƙauyukan nan, ba a taɓa cewa ka'ida ta hana ba, sai ranar da manya za su zo.

Umman Tagwaye: Kuma har yau akwai kuɗin motata na wata uku da ba a biya ni ba.